Yadda Ake Sake Kunna 'Yar Wutar Hitar Ruwa Mai Amfani da Gas

Tambayar nan ta yi ta dawo mini, kusan da lafazi ɗaya: an tashi da safe an buɗe famfon ruwan zafi, sai ga ruwa kamar ƙanƙara, an durƙusa an leƙa ƙarƙashin hita, duhu. To yanzu a nemo mai gyara ne, ko mutum zai iya da kansa? Galibi za ka iya da kanka. Kunnawar ba ta cin minti biyu. Abin da ke cin lokaci shi ne jira da shinshinawa kafin a kai ga kunnawa, kuma nan ɗin mutane suka fi tsallakewa. Duk wanda ka ga girarsa ta babbake a wannan aiki, ka bincika, za ka tarar gaggawa ce ta ja masa.

Wutar da ake magana a kai ita ce 'yar ƙaramar nan da ba ta wuce gaɓar yatsa ba, wadda ke ci dare da rana a ƙarƙashin tanki. Da ruwa ya huce, bawul, wato na'urar da ke buɗe hanyar gas da rufe ta, ya saki gas zuwa babban murhu, ita ce ke kunna shi. Masu gyara suna ce mata failot, daga kalmar PILOT da ke rubuce a jikin maɓallin, kuma da wannan sunan zan kira ta.

Abu ɗaya kawai nake so ka sani game da cikin na'urar, don shi zai warware maka rabin matakan. A gefen failot akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da kan alƙalami, da siririyar wayar tagulla da ta taso daga jikinsa zuwa akwatin bawul. Sunansa tamokoful. Muddin wuta tana lasarsa, yana samar da 'yar lantarki, kamar milibolt 20 zuwa 30, wadda ta isa ta riƙe ƙofar gas a buɗe. Da wuta ta mutu ya huce, ƙofar ta rufe da kanta. Shi ya sa dole yatsanka ya riƙe masa ƙofar har ya yi zafi ya karɓa.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: tocila mai haske sosai, sukundireba, ruwan sabulu a kofi da ɗan buroshi, da agogo. Idan hitar tsohuwar ƙira ce, ƙara da doguwar laita ko dogon ashana. Ka kuma nemi abin shimfiɗawa, don da kuncinka a kusa da ƙasa za ka yi aikin.

Mataki na 1: Tabbatar hitarka tana da failot

Ba kowace hitar gas ce ke da shi ba. Dubi akwatin bawul da ke ƙasan tanki. Idan ka ga maɓalli mai murɗawa da aka rubuta OFF da PILOT a kewayensa, wannan jagorar taka ce. Idan kuwa hitar tana da fanka a samanta da waya da aka jona a soket, ko kuma irin ƙaramar nan ce ta jikin bango da ba ta da tanki, wadda ke kunna kanta da zarar an buɗe famfo, to yawancinsu da lantarki ko batir suke kunnawa. Irin waɗannan ba a kai musu ashana ko kusa. Duba soket, duba batir, in ba nan ba ne ka kira mai gyara.

Masu failot ɗin ma iri biyu ne. Tsofaffi suna da murfin ƙarfe da ake cirewa da hannu, ka ga murhu ƙuru-ƙuru, ka kunna da ashana. Sababbi ɗakin wutarsu a rufe yake ruf, sai 'yar tagar gilashi da ake leƙawa, da wani maɓalli ja ko baƙi da ke ƙyasta tartsatsi idan an danna. Tun daga 2003 aka wajabta wannan rufaffiyar ƙira ga hitocin gida da ake sayarwa a Amurka, don kada tururin fetur ko na fenti da ke yawo a ɗaki ya kama da wuta, kuma irinsu sun bazu ko'ina.

A jikin kowane tanki akwai takardar umarni da kamfani ya manna. Karanta ta. Inda ta saɓa da abin da na rubuta, ita za ka bi, don ita aka rubuta wa hitarka.

Mataki na 2: Shinshina, har ƙasa

Kafin ka taɓa komai, tsaya kusa da hitar ka ja numfashi. Gas ba shi da wari a asalinsa, kamfanoni ne ke zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don hanci ya gane shi. Bayan ka shinshina a tsaye, sai ka durƙusa ka shinshina dab da ƙasa. Gas ɗin da ke zuwa ta bututun gari ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Na tukunya kuwa ya fi iska nauyi, sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu, don haka kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, ya taru a lungu da rami. Kana iya tsayawa a ɗaki ba ka ji komai ba alhali ya kai maka idon sawu.

Gargaɗi: idan ka ji wari mai ƙarfi, ko ka ji ƙarar iska tana fita "sssss", aikin ya ƙare a nan. Kada ka kunna fitila, kada ka kashe wadda ke kunne, kada ka yi waya a cikin ɗakin, don ɗan tartsatsin makunni ya isa. Fitar da kowa, rufe gas daga tushe idan tushen a waje yake, bar ƙofa a buɗe, ka kira kamfanin gas ko 'yan kwana-kwana daga waje.

Tun da ka durƙusa, waiga ka ga abin da aka jibge kusa da hitar. Galan ɗin fetur, kananzir, fenti, tina, tsummokara, kwali, duk a kwashe su daga ɗakin.

Akwai kuma hali guda da ba a sake kunnawa ko da ba wari: idan ambaliya ta taɓa shanye akwatin bawul ko murhun. Ruwa yana ɓata bawul ta ciki ta yadda ido ba zai gani ba. Wannan sai an canja shi.

Mataki na 3: Akwai ruwa a tanki? Akwai gas a bututu?

Buɗe famfon ruwan zafi mafi kusa. Idan ruwa ya zubo sosai ba tare da tari da fesar iska ba, tanki a cike yake. Idan bai zo ba, kada ka kunna. Wuta a ƙarƙashin tankin da ba ruwa tana fasa rufin gilashin da ke cikinsa, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Idan gidan ya yi mako biyu ko fiye ba a yi amfani da ruwan zafi ba, bar famfon yana zuba na 'yan mintuna, kuma kada a sha taba ko a kawo wuta kusa da shi. Iskar haidurojin tana iya taruwa a tankin da aka daɗe ba a taɓa ba, za ka ji ta fita kamar atishawa kafin ruwa ya daidaita.

Sai gas. Bi bututun da ya shigo akwatin bawul, za ka ga ɗan hannu na rufewa. Idan hannun yana kwance daidai da tsawon bututu, a buɗe yake. Idan ya gitta bututun, a rufe yake. Na taɓa danna maɓallin tartsatsi ya fi sau ashirin ina zargin na'ura, ashe wani ne ya gitta hannun lokacin share-share. Idan da tukunya kake amfani, jijjiga ta ko ka duba ma'auninta. Hanya mafi sauƙi: kunna murhun girki da ke kan layi ɗaya. In shi ma bai kama ba, matsalar ba ta hita ba ce.

Mataki na 4: Rage zafi, murɗa zuwa OFF, ka jira

A tsofaffin hitoci maɓalli biyu ne: babba a gaba na saita zafi, ƙarami a sama na gas. Murɗa na zafin zuwa mafi ƙanƙanta tukuna. Dalili shi ne kada babban murhu ya tashi fuu a fuskarka da zarar failot ta kama. Sannan ka murɗa na gas zuwa OFF. A wasu sai ka ɗan danna shi kafin ya wuce PILOT ya kai OFF. A sababbi da yawa maɓalli ɗaya ne ya haɗa duka, shi za ka mayar OFF kawai.

Kula: da hannu kaɗai ake murɗa wannan maɓalli. Idan ya cije, kada ka sa masa filaya ko sifana. Bawul ɗin da aka tilasta yana iya fara yoyo, kuma ba a gyara shi a gida.

Yanzu dubi agogo ka jira. Tsofaffin takardun umarni suna cewa minti 5, sababbi da yawa minti 10. Ni ina ba da shawarar 10 ga kowa, balle mai gas ɗin tukunya. Buɗe taga. Wannan jiran shi ne ke ba duk gas ɗin da ya taru a ɗakin wuta damar watsewa, kuma shi ne matakin da aka fi yi wa ha'inci: mutum ya ƙirga zuwa talatin a zuciyarsa ya ce ai ya isa. Bai isa ba. Tafi ka yi wani abu ka dawo.

Da ka dawo, sake shinshinawa a ƙasa. In akwai wari, koma gargaɗin mataki na 2.

Mataki na 5: Nemo failot da idonka

Cire murfin waje da ke ƙasan akwatin bawul. Yawanci ɗagawa kawai ake yi ko a zare shi gefe.

A tsohuwar ƙira akwai murfi na biyu a ciki, shi ma ka zare. Idan ba a daɗe da mutuwar wutar ba zai iya yin zafi, taɓa shi da tsumma. Haska tocila. Daga akwatin bawul za ka ga abubuwa uku sun gangara: bututu mai kauri na babban murhu, siririn bututu na failot, da wayar tagulla ta tamokoful. Bi siririn bututun da ido har ƙarshensa, nan ne wuta za ta fito. Gwada miƙa laitar a kashe, ka ga ko ta kai, kafin ka saki gas.

A sabuwar ƙira murfin ciki an ɗaure shi da kusoshi, kuma yana da robar da ta like shi. Kada ka kwance shi. Aikinka ta tagar gilashi ne. Goge ta, rage hasken ɗakin in da hali, don wutar failot shuɗiya ce siririya, da rana tsaka da wuya a gan ta. Sau da yawa sai ka kwantar da kai ka leƙa ta gefe, ba kai-tsaye ba.

Mataki na 6: Murɗa zuwa PILOT ka kunna

Murɗa maɓallin gas har alamar ta tsaya daidai kan PILOT. A wannan matsayi gas ba ya fita sai an danna. A wasu hitoci maɓallin kansa ake dannawa ciki, a wasu kuma akwai wani jan maɓalli dabam a gefensa. Danna shi har ƙarshe. Rabin dannawa ba ya buɗe komai, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi ba a sani ba.

Mai maɓallin tartsatsi: yatsa ɗaya yana riƙe da maɓallin gas a danne, ɗaya hannun yana danna na tartsatsi, sau ɗaya kowace daƙiƙa, idonka a kan gilashi. Kowace dannawa za ka ji "ƙas", kuma ya kamata ka ga ɗan walƙiya a ciki.

Mai ashana: tsarin a nan yana da muhimmanci. Wuta tukuna, gas daga baya. Kunna laitar, kai ta bakin failot, sannan ka danna maɓallin gas. Wanda ya fara danna gas sannan ya tsaya laluben ashana, gas yana taruwa ne a ɗan ƙurmin da hannunsa zai shiga. Kada ka yi amfani da gajeren ashana ko takarda da aka naɗe, kuma ka kawar da fuskarka daga bakin ramin. Idan hannu biyu ba su ishe ka ba, sa wani babba ya riƙe tocila.

Idan ka canja tukunya ko an yi aiki a layin gas, akwai iska a bututu, kuma ramin failot ƙanƙani ne ƙwarai, iskar tana daɗewa kafin ta fice. Kada ka yi mamaki idan ba ta kama a karon farko ba. Amma akwai iyaka: in ka kai daƙiƙa 90 babu wuta, saki maɓallin, mayar OFF, sake jiran minti 10 cif kafin gwaji na biyu. Kowane gwaji da jiransa.

Mataki na 7: Riƙe, kada ka saki

Ga ta ta kama. Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don murna tana sa su saki maɓalli nan take, wuta ta mutu, su ce hita ta lalace. Ci gaba da dannawa. Tamokoful yana bukatar daƙiƙa 30 zuwa 60 kafin ya yi zafin da zai riƙe ƙofar gas. Ka cika minti ɗaya da agogo, ba da ƙiyasi ba. Yatsa zai gaji, haka aikin yake.

Sababbin hitoci masu 'yar fitila a jikin akwatin bawul suna amfani da babban yayan tamokoful, wato tamofayil, mai ba da lantarki har kusan milibolt 750, wanda da shi akwatin yake aiki ba tare da batir ba. A irinsu fitilar ce za ta gaya maka lokacin saki: ka riƙe har ta fara ƙiftawa, abin da kan iya kai daƙiƙa 90. A akwatunan bawul na kamfanin Honeywell da suka yawaita, ƙiftawa ɗaya duk daƙiƙa uku tana nufin lafiya lau. Ma'anar sauran ƙiftawar tana rubuce a jikin akwatin ko tankin.

Saki maɓallin a hankali. Ya kamata ya dawo sama da kansa, wutar kuma ta ci gaba da ci.

Gargaɗi: idan ka saki maɓalli bai dawo sama ba, rufe gas daga hannun bututu nan take ka kira mai gyara. Kuma kada ka taɓa danne maɓallin da tsinke, ko ka ɗaure shi da salatif don wuta ta zauna. Na san dabarar tana zuwa wa mutum a rai idan ya gaji. Yin haka cire mai gadin ne gaba ɗaya: ranar da iska ta hure wutar, gas zai ci gaba da kwarara babu mai tsayar da shi.

Mataki na 8: Mayar da murfi, sannan ON

A tsohuwar ƙira, mayar da murfin ciki da na waje kafin ka ci gaba. Babban murhu idan ya tashi yakan ɗan furzo wuta waje, kuma murfin ne ke tare ta. Ja da baya, miƙa hannu daga nesa, murɗa maɓallin daga PILOT zuwa ON. Sai ka ɗaga maɓallin zafi a hankali. Za ka ji "ƙas" sannan "wuuf" mai taushi. Murhu ya tashi ke nan.

Ina za a tsayar da zafin? Kamfanoni da yawa suna sa alama a daidai digiri 49 na Salshiyas, wato 120 a ma'aunin Faranhait, wasu da ɗan kusurwa uku, wasu da kalmar HOT. Nan ya dace da yawancin gidaje. A wannan zafin sai fata ta yi kusan minti biyar a ƙarƙashin ruwa kafin ta ƙone sosai. A digiri 60 kuwa daƙiƙa biyar ta isa, fatar yara da tsofaffi ma ba ta kai haka. Amma kada ka yi ƙasa da 49 don tsimin gas, domin ƙwayar cutar lejiyonela, mai kama huhu, tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45. Saboda ita ne wasu ƙasashe suka ce a ajiye tanki a 60, a sa bawul mai gauraya ruwan sanyi a hanyar fita. In haka tsarin gidanka yake, mayar da maɓallin inda ka same shi.

Kada ka ƙure shi don ruwa ya yi saurin zafi. Murhun ƙarfinsa ɗaya ne, ƙurewa ba ta ƙara masa sauri, sai dai ta sa ruwan ya wuce kima daga baya. Tanki mai lita 150 yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya daga sanyi.

Mataki na 9: Zauna da ita minti goma

Kada ka tashi da zarar ka ji murhu ya kama. Leƙa launin wutar. Shuɗiya ake so, tsayayya, ko da ɗan rawaya a can ƙarshen harshenta. Wuta rawaya mai lilo kamar ta kyandir, ko baƙin kunkunniya a jikin murfi, alama ce gas ba ya ƙonewa sosai, kuma irin wannan ƙonuwa ce ke haifar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, ta fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ta ƙare da kisa. Ka ga haka, kashe ka kira ƙwararre.

Bayan murhu ya yi minti biyar yana ci, je saman tanki inda bututun hayaƙi ya ɗora a kan wata 'yar hula mai buɗaɗɗen gefe. Kunna ashana ka hure shi, ka kai hayaƙinsa bakin hular. Ya kamata ta zuƙe shi sama. Idan hayaƙin ya dawo maka, ko ka ji huci mai ɗumi yana fitowa ɗaki, bututun ya toshe ko iska tana komowa ta cikinsa. Nan ma kashewa za ka yi. Duk gidan da ke da hitar gas ya kamata ya mallaki na'urar da ke kuka idan ta ji kabon monoksayid.

Shafa ruwan sabulu a mahaɗan bututu da ke kewaye da akwatin bawul. Kumfa mai girma tana tasowa tana nufin yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana.

Idan ka ji ɗigon ruwa yana faɗa wa murhu yana "cuu", kada ka firgita. Tanki mai sanyi yana yin gumi idan wuta ta fara dukansa, kuma yana dainawa da ruwan ya yi ɗumi. In bai daina ba bayan awa biyu, to yoyon tanki ne.

Idan ta ƙi

Gwaji uku ya isa. Bayan haka maimaitawa ba za ta canja komai ba, sai ka duba yadda ta ƙi, don yadda ta ƙi shi ke nuna inda ciwon yake.

Babu tartsatsi sam: bi wayar da ta fito daga maɓallin ƙyastawa, sau da yawa ta zare ne daga mahaɗinta, mayar da ita kawai za ka yi.

Akwai tartsatsi, babu wuta: ko gas bai iso ba, ko iska ce a layi, ko ramin failot ya toshe da ƙura ko saƙar gizo. Kada ka zura masa allura. Da ramin ya ɗan faɗaɗa, wutar ta lalace har abada.

Tana kamawa, tana mutuwa da zarar ka saki: wannan ita ce ta fi yawa, kuma in ka tabbata ka riƙe minti guda cur, zargi yana kan tamokoful. A tsohuwar ƙira akwai abu uku da za ka iya dubawa bayan ka rufe gas komai ya huce. Na farko, matsayinsa: kimanin santimita ɗaya na kansa ya kamata ya kasance cikin wuta, in ya karkace ka daidaita shi a hankali. Na biyu, datti: goge kan da samfefa mai laushi ka cire baƙin da ya daskare. Na uku, notin da ya ɗaure wayar tagullar a ƙasan akwatin bawul: in ya saki, ɗaure shi da yatsa, sannan ka ƙara kwata ɗaya na zagaye da sifana. Fiye da haka za ka murƙushe abin da ke ciki. In duk wannan bai yi ba, ya mutu ne, kuma mutuwarsa ba abin mamaki ba ce, abu ne da ke kwana cikin wuta shekara da shekaru.

Tana ci na awoyi ko kwanaki, sannan ta mutu: nemi iska. Ko dai iska ta yi yawa, wato taga ko ƙofa tana hurowa, ko guguwa tana dannowa ta bututun hayaƙi. Ko kuma ta yi kaɗan. Rufaffun hitoci suna shaƙar iska ta wata raga a ƙasan tanki ko kewayen gindinsa, kuma ragar tana toshewa da ƙura, zaren tufafi da gashin dabbobi, musamman in injin wanki yana kusa. Da ta toshe, ɗakin wuta ya yi zafi fiye da kima, wani makunnin tsaro ya yanke gas. Share ragar da buroshi ko injin zuƙe ƙura. A wasu ƙirar makunnin yana da ɗan maɓalli a jikin murfin ciki da ake dannawa ya dawo, a wasu kuwa in ya yanke sai an canja. Danna shi sau ɗaya bayan shara babu laifi. In ya sake yankewa, yana gaya maka wani abu ne, ka saurare shi.

Mai gas ɗin tukunya ya ƙara duba regileta. Wanda ya gaji yana ba da gas kaɗan-kaɗan, failot ta rame, da babban murhu ya tashi sai ya janye ɗan abin da take samu ta mutu. Haka kuma hitar da aka ƙera don gas ɗin bututu ba ta aiki da na tukunya, ramukansu ba girma ɗaya ba ne. Nau'in gas ɗin yana rubuce a jikin tanki.

Na gida da na mai gyara, da batun kuɗi

Sake kunnawa, share raga, mayar da waya, ɗaure noti: duk wannan ba ya cin ko sisi. Tamokoful yana cikin mafi arahar kayan hita, har kuɗin zuwan mai gyara yakan fi kuɗinsa. A tsohuwar ƙira mai hannu da sifana yana iya canja shi, in dokar inda yake ta yarda, don akwai ƙasashen da aikin gas sai mai lasisi. Tafi da tsohon wurin saye don tsawo da zaren noti su dace. A rufaffiyar ƙira kuwa sai an zaro murhun gaba ɗaya, a kwance bututun gas, a mayar da robar murfi yadda ba za ta yi yoyo ba. Wannan na fi so a bar wa mai gyara.

Akwatin bawul shi ne mai tsada, kuma ba a buɗe shi, canja shi ake yi ɗungurungum. Kafin ka biya, dubi shekarar ƙira a takardar jikin tanki. Irin waɗannan hitoci sukan yi shekara 8 zuwa 12. Sa sabon bawul a tankin da ya haura goma, ga tsatsa a gindinsa, asara ce. Gara a tara kuɗin a sayi sabuwa.

In za ka kira mai gyara, riƙe masa amsar abu huɗu: akwai tartsatsi ko babu, launin wutar failot da girmanta, daƙiƙa nawa ta yi bayan ka saki maɓalli, da sau nawa fitilar akwati take ƙiftawa in akwai ta. Karanta masa lambar ƙirar hitar ta waya, don ya taho da kayan da suka dace tun zuwan farko. Kafin ya iso, maɓalli ya zauna a OFF, hannun bututu a gitte.